Kalibu Ya Je Wurin Joshuwa: Zumuntar Tsofaffin Sojoji

Karatu: Joshuwa 14:6-15

  Ku da kuke cikin Maiduguri, da ku na Biu, da Askira, da Lassa, da Cibok, da Garkida, da Michika, da ku da rikici ya raba da garuruwanku kuna zaman baƙunci a wani wuri, salamar Allah ta kasance tare da ku. Gaisuwa ta musamman a yau ga iyayenmu 'yan mazan jiya, wato tsofaffin sojoji, da matansu, da gwaurayen da mazansu suka tafi filin daga ba su dawo ba. Baba, in kana jina, matso kusa, maganar yau taka ce.

Karatunmu yana cikin Littafin Joshuwa sura 14, daga aya 6 zuwa 15. In akwai Littafi Mai Tsarki a gidan, na Hausa ko na yarenku, a ba yaro ya karanta wa kowa bayan mun gama. Ni zan ba ku labarin a taƙaice.

Isra'ilawa sun shiga ƙasar Kan'ana, an yi yaƙe-yaƙe, lokacin rabon ƙasa ya yi. Joshuwa yana Gilgal. Sai ga wani tsoho ya zo wurinsa, Kalibu ɗan Yefunne. Mutanen nan biyu sun san juna tun da daɗewa. Suna cikin mutum 12 da Musa ya aika daga Kadesh-barneya su leƙo asirin ƙasar. Goma suka dawo da labarin da ya karya zuciyar jama'a. Su biyu suka tsaya a kan cewa Ubangiji zai ba su ƙasar, har saura kaɗan jama'a su jajjefe su da duwatsu. Bayan haka suka yi shekara 40 a jeji suna binne tsararrakinsu ɗaya bayan ɗaya, har ba wanda ya rage cikin mayaƙan da aka ƙidaya sai su biyu.

Ku lura da yadda Kalibu ya fara magana. Bai tsaya yi wa Joshuwa dogon bayani ba. Ya tuna masa ne kawai da abin da Ubangiji ya faɗa wa Musa a kansu, domin Joshuwa yana wurin a ranar. Kalibu yana da shekara 40 sa'ad da aka aike su. Shekara 45 sun wuce, yanzu yana da 85. Ya roƙi ƙasar tuddai da aka yi masa alkawari, Joshuwa ya sa masa albarka, ya ba shi Hebron. Cikin mutum 12 ɗin nan, ba wanda ya rage da zai iya shaida cewa haka aka yi, sai Joshuwa. Allah bai bar Kalibu da labarinsa shi kaɗai ba. Ya ajiye masa aboki guda wanda ya sani.

Kalibu da Joshuwa na gidajenmu

'Yan'uwa, da wuya a sami zuriya a cikinmu wadda ba ta ba da ɗa ga aikin soja ba. Bura, da Margi, da Kilba, da Kamwe, da Bachama, da Tangale, da Ngas, da Tarok, da Tibi, da mutanen Zuru, duk mun sa kaki.

Kakanninmu sun tafi Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1943 zuwa 1945, Runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a ƙasar Bama. Ba garin Bama na nan jiharmu ba, ƙasar da ake kira Myanmar a yau, can gabas da Indiya. Hausa ce harshen bariki a lokacin, a can da yawa daga cikin kakanninmu suka ƙware da ita. Sunayen da suka kawo daga wannan yaƙi suna nan a kan barikokinmu: Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, Letmauk a Ibadan. Wanda ya tafi yana ɗan shekara 18 a 1943, in yana da rai yau ya kai 100. Kusan duka sun riga mu gidan gaskiya.

Iyayenmu sun yi yaƙin basasa, wanda aka fara ranar 6 ga Yuli 1967 aka gama ranar 15 ga Janairu 1970. Saurayin da ya shiga yana ɗan shekara 20, yanzu ya doshi 80. Yayyenmu sun tafi Laberiya daga 1990 a ƙarƙashin ECOMOG, daga can suka wuce Saliyo. Waɗansu sun je Kongo tun 1960, waɗansu Labanon, waɗansu Darfur. Sa'an nan ga yaƙin da ya same mu har gida tun 2009. An kafa Runduna ta 7 a Maiduguri a 2013. Samarin da suka fara wannan yaƙi, waɗansu sun yi ritaya, waɗansu an sallame su da rauni, waɗansu kuwa suna kwance a maƙabartar sojoji ta Barikin Maimalari.

Waɗanda suka rage, yaya suke riƙe da juna? Akwai ƙungiyarsu ta ƙasa, Nigerian Legion, wadda doka ta kafa a 1964, tana da rassa a jihohi. Akwai ranar 15 ga Janairu, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. Dā ranar 11 ga Nuwamba ake yi, kamar yadda ake yi a Ingila, sai aka mai da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare. A ranar ne ake fareti, a ajiye furanni, a saki fararen tantabaru, tsofaffi su ciro lambobinsu daga ƙasan akwati su maƙala a ƙirji. Kafin ranar ana yin addu'a a masallatai ran Jumma'a, a majami'u ran Lahadi. Suna haɗuwa kuma wurin tantance 'yan fansho, da wurin jana'izar ɗan'uwansu. Na bayan nan suna neman juna ta waya, suna tura wa juna tsofaffin hotuna ta WhatsApp.

Amma yawancin zumuntarsu ba ta da fareti. Wanda ya saba da Kasuwar Litinin ya san abin da nake faɗi. In wata ya ƙare fansho ya shiga, za ka ga dattijo ya zo awon hatsi, ya yi kiciɓis da wani dattijo a bakin rumfa. Nan take ya manta da ciwon gwiwa, ya miƙe ƙyam, ya sara masa, ya ce, “Samanja!” Alhali shekara 30 ke nan rabon Samanja da kaki. Sai su nemi benci wurin mai shayi. Ɗaya Bura ne, ɗaya Babarbare. Ɗaya Kirista, ɗaya Musulmi. Shayi ya huce suna ta lissafin mutane: wane yana nan? Wane fa? Allah ya ji ƙansa. Mai awo yana jira, jika yana jan riga, su kuwa ba sa nan, suna can bakin wani kogi shekaru da yawa baya.

Kada ku ce surutun tsofaffi ne. Bari mu ga abin da Maganar Allah take koya mana a kansa. Abu huɗu zan faɗa.

Na fari: akwai kayan da sai wanda ya ɗauka ya san nauyinsa

Hausawa suna cewa abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Mama, kin yi shekara 40 da Baba, kin san yana firgita cikin barci, kin san ba ya son ƙarar abin wasan wuta da yara suke fasawa lokacin Kirsimati. Amma bai taɓa gaya miki abin da ya gani ba. Kada ki ɗauka raini ne. Yana jin tsoro ya zuba miki abin da shi kansa ya kasa haɗiyewa. Ga abokinsa kuwa ba ya bukatar bayani. Sunan gari ɗaya zai ambata, su duka biyu su yi shiru, sun gama magana.

Saboda haka in Baba ya ce za shi wurin mutanensa, kada a ce masa ɓata kuɗin mota ne. A sa masa kuɗin Keke Napep a aljihu. In ƙafa ta ƙi, a sa jika ya raka shi. In abokin yana Yola ko Makurɗi, a sa kati a waya a buga masa. Zumunta a ƙafa take. Kalibu bai zauna a gida yana jiran Joshuwa ya tuna da shi ba, tashi ya yi ya tafi Gilgal.

Amma Baba, ka yi mini haƙuri, ɗanka ne yake magana. Akwai taron da yake warkarwa, akwai wanda yake ƙara miki. In kullum haɗuwarku a gidan burkutu take, ana shiga da fansho a fito hannu wofi, ciwon yana nan, giya ta rufe shi ne na dare ɗaya. In barci ya gagara, ko fushi yana tasowa ba dalili har iyali suna gudunka, wannan rauni ne kamar raunin harsashi, yana kuma da magani. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a hanyar Baga, nan Maiduguri. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba ne. Abokin kirki shi ne wanda zai kama hannunka ya raka ka.

Na biyu: zaman lafiyar da muke sha, jinin mutane ne

A 2 Sama'ila sura 23 akwai labarin da tsofaffin sojojin Dawuda ba su manta ba. Filistiyawa sun kama Baitalami, Dawuda yana ɓoye a kogon Adullam. Ƙishi ya kama shi, ya yi marmarin ruwan rijiyar da take bakin ƙofar garinsu. Jarumawa uku suka kutsa ta sansanin abokan gaba, suka ɗebo ruwan suka kawo masa. Dawuda ya ƙi sha. Ya zuba shi ƙasa hadaya ga Ubangiji, domin a ganinsa ruwan nan daidai yake da jinin mutanen da suka sai da ransu.

Mu mutanen Maiduguri mun san irin wannan ruwa. Ranar 1 ga Yuli 2014 bam ya tashi cikin mota a Kasuwar Litinin. Ranar 25 ga Nuwamba na shekarar aka sake kai hari, mutane da yawa suka mutu. A kwanakin nan in mace ta ce za ta cefane, sai an yi addu'a kafin ta fita, ba wanda yake sakin jiki sai ta dawo. Sojoji da 'yan gora, samarin gari da suka tashi a 2013, su ne suka tsaya a ƙofofi suna binciken kowa, sun kuwa san mai ɗauke da bam a gabansu zai fara tsayawa. Waɗansu suka tare a daji. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ya faɗi a Malam Fatori a Nuwamba 2016. A Nuwamba 2018 sojoji da yawa suka faɗi a Metele. Kasuwar ta sha gobara a Fabrairu 2023, ta sha ambaliya a Satumba 2024 sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, amma ta sake tashi, domin garin bai faɗa hannun abokan gaba ba.

Mai Hadishi sura 9 ya ba da labarin wani matalauci mai hikima da ya ceci ƙaramin gari daga babban sarki, daga baya ba wanda ya tuna da shi. Wannan mutum yana nan a cikinmu. Shi ne dattijon da yake gadi a ƙofar banki, muna wuce shi ba gaisuwa. Shi ne mai sanda a bencin baya na majami'a. Gaisuwa ba ta cin kuɗi. Ka tsaya, ka rusuna, ka ce, “Baba, sannu da aiki, mun gode.”

Na uku: tunawa ta gaskiya ba ta tsallake suna

A wannan sura ta 23 an jera sunayen jarumawan Dawuda, kowa da sunan mahaifinsa ko garinsa, mutum 37. Ku duba suna na ƙarshe a aya 39: Uriya Bahitte. Wannan shi ne sojan da Dawuda ya ci amanarsa, ya ɗauke matarsa, ya ba shi wasiƙar mutuwarsa ya kai wa Yowab da hannunsa. Da sarakunan duniya ne suka rubuta, da sun goge sunan. Allah bai yarda a goge ba.

A taron tsofaffin sojoji akwai labaran da ake maimaitawa ana dariya, akwai kuma wanda ba a taɓawa. Yaƙi ba ya barin hannu da tsabta ko da yaushe. A Asaba, a Oktoba 1967, an kashe ɗaruruwan fararen hula maza, mutanen garin suna tunawa da su har yau. A kowane yaƙi akwai wanda ya ɗaga hannu aka harbe shi, akwai abokin da aka bari a baya yana kira. Baba, ban san abin da yake zuciyarka ba, ba kuwa ni ne mai shari'a ba. Amma in akwai Uriya a lissafinka, shekara 50 ba su isa su wanke shi ba, lambar girma ma ba ta isa ba. Dawuda ya sami gafara ne ranar da annabi Natan ya fuskance shi, ya daina ɓoyewa, ya furta. Zabura 51 addu'arsa ce. Jinin Yesu ya isa ya wanke abin da ruwan Alau duka ba zai wanke ba. Ka nemi fastonka ko wani dattijon ikilisiya mai riƙon asiri, ka sauke kayan tun kana da numfashi.

Tunawa ta gaskiya kuma ba ta manta alheri, ko daga wa ya fito. Isaac Fadoyebo, Bayarabe, ya ji mummunan rauni a bakin kogin Kaladan a ƙasar Bama a Maris 1944. Shi da David Kargbo, mutumin Saliyo, suka rage a bayan layin Japanawa. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye su ya ciyar da su, ya kuwa san in an gane kashe shi za a yi. Bayan wata tara aka cece su. Fadoyebo ya riƙe wannan alheri a zuciya shekara 67. A 2011 ɗan jarida Barnaby Phillips ya gano iyalin Shuyiman, ya kai musu wasiƙarsa ta godiya. A 2012 Fadoyebo ya rasu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mu da muka sha wuya a Borno muna bukatar irin labaran nan, domin yaranmu su san akwai Musulmin da ya goyi Kirista daga bakin wuta, akwai Kiristan da ya raba gorar ruwansa da Musulmi. Tsofaffin sojoji ne suke riƙe da waɗannan shaidu. In sun tafi ba mu tambaye su ba, sun tafi da su.

Na huɗu: rabon wanda ya tsaya da kaya

A 1 Sama'ila sura 30, Dawuda ya bi Amalekawa da mutum 600. A rafin Besor mutum 200 suka gaji suka tsaya da kaya. Da aka dawo da ganima, waɗansu suka ce kada a ba su kome. Dawuda ya ƙi, ya kafa doka a Isra'ila cewa wanda ya je bakin daga da wanda ya tsaya da kaya, rabonsu ɗaya ne.

Su wa suka tsaya da kaya a wurinmu? Matan bariki ne, waɗanda suka yi renon yara su kaɗai, suna sayar da ƙosai, kullum kunne yana ga ƙofa. Gwauraye ne waɗanda bayan jana'iza dole su bar ɗakin bariki, su shiga yawon neman haƙƙin miji da takardu a leda. Ku tsofaffin sojoji, in kun taru, ku tambayi kanku: matar wane tana ina? 'Ya'yansa suna makaranta? Ku kun san ofisoshin, kun san takardar da ake nema, ku raka ta. Zumuntar da ta tsaya a kan labari kawai ba ta cika ba.

Ikilisiya ma tana da aiki. Dattawa, ku rubuta sunayen tsofaffin sojoji da gwaurayen sojoji da suke cikinku. Lahadin da take kusa da 15 ga Janairu, ku kira sunayen waɗanda suka faɗi, ɗaya ɗaya, ku yi wa iyalansu addu'a, ku ɗauki baiko dominsu. Zumuntar mata, ku kai ziyara. Matasa, wayar nan da take hannunku tana ɗaukar murya. Ku zauna gaban Kaka, ku tambaye shi da yarenku, ku ɗauka ku ajiye. Abin da bai so ya faɗa ba, kada ku matsa masa. Joshuwa ya sa an ɗebo duwatsu 12 daga Urdun an kafa a Gilgal domin yara su gani su yi tambaya. Tsofaffin nan su ne duwatsunmu, amma ba za su daɗe a tsaye ba.

Taron da ba ya raguwa

Kowace shekara layin faretin 'yan mazan jiya yana gajarta. Wanda ya sara maka bara, bana kujerarsa wofi. Wata rana mutum ɗaya zai rage a bataliyarsa, ba wanda zai ce masa ya tuna. To, a ranar wa zai tuna da kai?

Akwai wani taron tunawa wanda Ubangijinmu da kansa ya kafa a daren da aka bashe shi. Ya ɗauki gurasa da ƙoƙo, ya umarci almajiransa su riƙa yin haka domin tunawa da shi. Shi ne ya shiga yaƙin da ba mai iya shiga dominmu, ya fito da tabon ƙusa a hannu da tabon māshi a kwiɓi. Ya san rauni. Ya san yadda abokai suke gudu su bar mutum. Baba, ba sai ka yi masa dogon bayani ba, yana wurin a ranar da abin ya faru. Ɓarawon da aka gicciye kusa da shi roƙo ɗaya ya yi, a tuna da shi, aka kuwa karɓe shi a ranar. Karniliyus, hafsan Roma a Kaisariya, da ya ji Bitrus yana zuwa, ya tara danginsa da aminansa domin su ji tare. Kai ma ka zo, ka kuma kira abokinka.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin iyayenmu da suka tsaya mana a ranar wuya. Ka ba su barci mai daɗi. Wanda yake ɗauke da laifi, ka ba shi ƙarfin hali ya furta, ka gafarta masa. Wanda ya rage shi kaɗai, ka aiko masa da aboki. Ka tuna da gwauraye da marayun sojoji, ka buɗe musu ƙofofin da suka rufe. Ka kiyaye 'ya'yanmu da suke daji a wannan dare, Kirista da Musulmi, ka dawo da su gida lafiya. Ka ba Borno da Nijeriya duka salama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Kafin mako mai zuwa, kowane gida ya nemi tsohon soja ɗaya ko gwauruwar soja ɗaya ya kai gaisuwa. Ubangiji ya sa muku albarka, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.